Fodeba Keita, malamin da ya fitar da jembe duniya

1. Garin Sigiri

Kogin Isa, wanda ya ratsa birnin Yamai, daga nesa ya taso. Mafarinsa yana cikin duwatsun ƙasar Gine. Daga can ya gangaro ya shiga Mali, ya karkato ya shigo Nijar, ya wuce Najeriya inda ake ce masa Kwara, sa'an nan ya faɗa teku. A Gine da Mali sunansa Joliba. A bakin wannan kogi, kusa da iyakar Mali, akwai wani gari da ake kira Sigiri. A nan aka haifi Fodeba Keita ran 19 ga watan Janairu 1921.

Mutanen Sigiri Malinke ne. Manoma ne, kuma tun zamanin da suna haƙar zinariya a yankin Bure da ke kusa da su. Kakanninsu ne suka kafa daular Mali a ƙarni na 13, a ƙarƙashin sarki Sunjata Keita. Fataken ƙasarsu, waɗanda Hausawa suke kira Wangarawa, sun zo har Kano da Katsina, suna fatauci suna malanta.

Lokacin da aka haifi Fodeba, ƙasar tana hannun Faransawa. A 1888 suka gina barikin soja a Sigiri. Almami Samori Ture ya yi shekaru yana yaƙi da su, har suka kama shi a 1898. Saboda haka tsofaffin da suka ga wannan yaƙi da idonsu suna nan da rai lokacin ƙuruciyar Fodeba, kuma labarin yana bakin kowa a garin. Ubansa ma'aikacin asibiti ne, mai jinyar marasa lafiya. Da yaron ya isa, aka sa shi lakwal. Da rana yana koyon Faransanci a aji, da dare yana jin kiɗan gari a dandali.

2. Mece ce jembe?

A ƙasar Malinke ba a taro sai da kiɗa. Gangar da ta fi kowace suna a can ita ce jembe. Siffarta kamar ta turmi ce: sama da faɗi, tsakiya a tsuke, ƙasa kuma doguwar ƙafa mai rami. Tsayinta wajen santimita 60 ne, faɗin bakinta wajen santimita 30. Daga gungume ɗaya ake sassaƙa ta. Akan zaɓi ice mai ƙarfi, kamar kawo, ko maɗaci, ko madobiya. A da maƙera ne suke wannan sassaƙa, domin a wurin Malinke mai aikin ƙarfe shi ne kuma mai aikin ice.

In an gama rarake cikin gungumen da gizago, sai a jiƙa fatar akuya, a shimfiɗa ta a baki, a ɗaure da tsirkiyar fata, a aske gashin, a bari ta bushe. Kafin a fara wasa, makaɗi yakan kara gangar kusa da wuta don fatar ta ɗame. Daga baya aka koma ɗaure fatar da zobban ƙarfe da igiya mai ƙarfi, ba sai an nemi wuta ba.

Ba a kaɗa jembe da sanda kamar kalangu. Da hannu ake kaɗa ta, kamar kotso da taushi. Tana da murya uku. In aka doki tsakiyar fata da dukan tafin hannu, sai ta yi kauri kamar rugugin hadari. In aka doki gefe da yatsu a haɗe, sai ta yi murya matsakaiciya. In aka mari gefen da yatsu a sake, sai ta yi ƙara mai kaifi kamar tsagewar bulala. Da waɗannan muryoyi uku makaɗi yake haɗa kiɗansa duka.

Jembe ba ta cika fita ita kaɗai ba. Tana da abokan tafiya, ganguna masu baki biyu da aka rufe da fatar shanu, ana kaɗa su da sanda. Babbar ita ce dundunba, ta tsakiya sangban, ƙaramar kuma kenkeni. Akan ɗaura musu ƙarfe irin kuge, makaɗi yana dukan fata da hannu ɗaya, yana dukan ƙarfen da ɗayan.

Kowane kiɗa da aikinsa. Akwai kasa, kiɗan manoma ranar gayya, wanda ya yi daidai da gangar noma a ƙasar Hausa. Akwai soli, kiɗan kaciya. Akwai dundunba, rawar ƙarfafan samari, wadda mutanen Hamana wajen Kurusa suka yi suna da ita. Akwai kiɗan aure, da na suna, da na ƴammata. Mutumin da ke can cikin gona, in ya jiyo ganga, ya san abin da ake yi a gari.

3. Yadda ake koyon kiɗan

A ƙasar Hausa yawanci kiɗa gado ne, ɗan makaɗi shi yake zama makaɗi. A wurin Malinke ma akwai irin wannan gado. Waƙar yabo, da kiɗan balafo, da kiɗan kora mai tsirkiya 21, duka na gidan maroƙa ne, waɗanda suke kira jeli. Amma jembe ba gadon kowa ba ce. Duk yaron da yake da kunne da hannu yana iya koyo. Wanda ya gwanance ana ce masa jembefola, wato mai sa jembe magana.

Koyon ba na kwana ɗaya ba ne. Yaro yakan fara da dukan gwangwani ko ƙwarya tare da tsaransa. In wani gwani ya lura da shi, sai a nemi yardar iyayensa, ya zama yaronsa. Da farko aikinsa ɗaukar ganga ne, da hura wutar da za a gasa fata. Bayan haka a ba shi kenkeni, ko jembe ta rakiya. Zai riƙe ɗan gajeren kiɗa guda ɗaya, ya yi ta maimaita shi tun daga la'asar har dare, ba ƙari ba ragi. In ya yi sauri ko ya ja baya, kiɗan kowa ya ɓaci. Hannunsa zai kumbura, ya tsage, ya warke, har ya yi kanta. Babu littafi, babu allo. Da kunne da ido ake koyo.

Sai bayan shekaru ake barinsa ya kaɗa wa masu rawa. A nan ne ake gane gwani. Mata sukan fara waƙa da tafi, makaɗi ya gane kiɗan da waƙar take nema, ya ba da alamar farawa. Jama'a sun yi da'ira. Mai rawa ta fito tsakiya, makaɗi ya kafa wa ƙafafunta ido. Duk takun da ta yi, sai ya amsa da hannunsa. In rawa ta yi zafi ya ƙara wuta, in ya ga ta kusa gajiya ya ba da alamar tsayawa, ta tsaya daidai da bugun ƙarshe, wata ta shigo. Makaɗin da bai san waƙoƙin garinsu da rawarsu ba, ko da hannunsa ya fi na kowa sauri, ba a kiransa gwani.

Wannan ita ce gangar da Fodeba ya tashi yana ji. Shi kansa ba a san shi da kiɗan jembe ba. Aikinsa rubutu ne, da shirya wasa, da haɗa kan mutane. Amma ta hannunsa ne gangar ta fita duniya.

4. Ɗalibi da malami

Fodeba yaro ne mai ƙoƙari. Ya yi karatu a Konakiri, babban birnin Gine, daga nan ya sami shiga makarantar horon malamai ta Wiliyam Ponti a ƙasar Senegal. A zamanin nan ita ce babbar makarantar ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa take mulki. Daga kowace ƙasa ɗalibai kaɗan ake ɗauka. Bubu Hama, da Diori Hamani, da Jibo Bakari na Nijar duka sun yi karatu a cikinta.

Makarantar ta yi suna wajen wasan kwaikwayo. In ɗalibai za su tafi hutu, akan ce su rubuto al'adun garuruwansu: tatsuniyoyi, da waƙoƙi, da tarihin sarakuna. In sun dawo sai su shirya wasa da abin da suka tattaro, su yi magana da Faransanci, su yi waƙa da harsunansu. A nan Fodeba ya ga cewa abin da ake yi a dandalin ƙauye ana iya nuna shi a gaban baƙi.

Ya gama makarantar lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya zama malamin lakwal, ya koyar a Senegal. Ana cikin haka wani mummunan abu ya faru. Ran 1 ga watan Disamba 1944, a barikin Caroy kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga yaƙi. Mutanen nan sun yi wa Faransa yaƙi, sun sha ɗauri a hannun Jamusawa, kuɗin aikinsu kawai suke nema. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu. Masana tarihi da yawa sun ce adadin ya fi haka nesa. Wannan kisa ya tsaya wa Fodeba a rai.

5. A birnin Paris

A 1948 Fodeba ya tafi Paris karatun shari'a. Kuɗin hannunsa kaɗan ne, kamar na sauran ɗaliban Afirka. Ya haɗu da wani ɗan Gine gwanin kiɗan gita, Kante Faseli, da wani mawaƙi ɗan Kamaru, Alber Muwange. Suka kafa ƴar ƙungiya, suna waƙa, suna karanta rubuce-rubucen Fodeba, kiɗa yana tashi a tsakanin magana.

A 1950 aka buga littafin waƙoƙinsa na farko da Faransanci. Rubutunsa da ya fi suna shi ne Aube africaine, wato Asubahin Afirka. Labarin wani manomi ne mai suna Naman, wanda dattawan ƙauye suka zaɓa ya tafi yaƙin Turawa. Ya bar matarsa, ya yi yaƙi a ƙasashe masu nisa, aka kama shi, aka sako shi, ya kamo hanyar gida, aka harbe shi a Caroy. Hukumar mulkin mallaka ta gane inda maganar ta nufa, sai ta hana yaɗa ayyukansa a ƙasashen Afirka da take mulki. Hanin bai kashe rubutun ba. A 1961 marubucin nan Farans Fanon ya sa labarin Naman cikin littafinsa, don ya nuna yadda marubuci yake farkar da mutanensa.

Ƙungiyar ta yi ta girma. A 1952 ta ɗauki sunan Ballets Africains, wato ƙungiyar raye-rayen Afirka, ta yi wasa a wani babban zaure na Paris. Fodeba ya ajiye karatun shari'a. Ya shiga neman gwanaye na ainihi, waɗanda suka koyi sana'arsu a gida. Cikin waɗanda suka shigo akwai makaɗin jembe Laji Kamara, da mawaƙi mai babbar murya Sori Kandiya Kuyate. Suka zaga ƙasashen Turai, suka zaga Afirka ta Yamma, a 1959 kuma suka yi wasa a birnin Niyok na Amurka.

A zamanin nan Turawa da yawa suna ɗaukar gangar Afirka hayaniya ce kawai. Kowace iri ce, suna ɗaya suke kiranta da shi, tam-tam. Har cikin ƴan Afirka da suka yi lakwal akwai masu jin kunyar kiɗan iyayensu. Da mutane suka zauna a kujera suka saurari jembe a hannun gwani, sai suka ji tana da muryoyi daban daban, tana da ƙa'ida, tana kuma bukatar koyo na shekaru kamar kowane ilimi.

6. Daga dandali zuwa zauren wasa

Kai kiɗan ƙauye zauren wasa ba abu ne mai sauƙi ba. A dandali jama'a da'ira suke yi, kowa ɗan kallo ne, kowa kuma mai rawa ne. Ana iya kwana ana kiɗa ɗaya, ba wanda zai gaji, domin kowa ya san ma'anarsa. A zaure kuwa ƴan kallo gefe ɗaya suke zaune. Sun biya kuɗi, ba su jin harshen, kuma bayan awa biyu za su tashi.

Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Fodeba ya buɗe da'irar, ya jera masu rawa suna fuskantar jama'a. Rawar da ake wuni ana yi ya taƙaita ta zuwa mintoci kaɗan. Ya haɗa raye-rayen ƙabilu daban daban cikin wasa ɗaya, na Malinke, da na Susu da Baga na bakin teku, da na Fulanin Futa Jalon, da na mutanen kurmi. Aka ƙara wa kiɗa sauri. Aka shirya wuraren da makaɗa duka za su buga tare, su tsaya tare. Makaɗin jembe, wanda a ƙauye bawan mai rawa ne, yanzu yakan fito gaba shi kaɗai ya nuna gwanintarsa, a yi masa tafi.

Wannan canji ya jawo gardama. Wasu suka ce abin da ake nunawa ba al'adar gaskiya ba ce, an gyara ta ne don idon baƙi. Fodeba ya ba da amsa a rubuce a 1957. A ganinsa dole a rage tsawon rawa a juya ta wajen ƴan kallo, amma kada a taɓa ma'anarta, kada kuma a raba ta da rayuwar mutanen da suka ƙago ta. Tun daga lokacin jembe take da hanya biyu: kiɗan ƙauye da kiɗan zaure. Manyan makaɗa sun san duka biyun, kuma ba sa rikita su.

7. Ƴancin kai

A 1956 Fodeba ya koma Gine, ya shiga jam'iyyar Ahmad Seku Ture. A 1957 mutanen Sigiri suka zaɓe shi ɗan majalisa, aka kuma naɗa shi ministan cikin gida.

Ran 28 ga watan Satumba 1958 shugaban gwamnatin Faransa, Janar Dagol, ya sa aka yi ƙuri'ar raba gardama. Kowace ƙasa za ta zaɓa: ko ta zauna cikin tarayya da Faransa, ko ta karɓi ƴancinta nan take. A Nijar jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari ta nemi a ƙi tarayyar, amma ba ta yi rinjaye ba. A Gine fiye da kashi 95 cikin 100 na masu ƙuri'a suka ƙi. Ita kaɗai ce ta yi haka. Ran 2 ga watan Oktoba 1958 ta zama ƙasa mai mulkin kanta. Faransawa suka fusata, suka janye ma'aikatansu, suka kwashe kayan aiki, suka tafi.

Sabuwar ƙasa tana bukatar abin da zai haɗa kan mutanenta, ya kuma sanar da ita a duniya. Fodeba ya sa hannu wajen shirya taken ƙasa, wanda aka ɗauko muryarsa daga tsohuwar waƙar yabon Alfa Yaya, sarkin Labe. A 1960 ƙungiyarsa ta zama ƙungiyar ƙasa. Gwamnati ta sa aka kafa ƙungiyoyin wasa a garuruwa da jihohi, ana gasa tsakaninsu, ana ɗebo waɗanda suka fi gwaninta ana kai su Konakiri. Ta wannan hanya aka samo Famudu Konate, ɗan Hamana, wanda ya shiga ƙungiyar a 1959 ya yi shekara 26 yana jagoran makaɗanta. Haka kuma aka samo Mamadi Keita, wani yaro daga ƙauyen Balandugu a yankin Sigiri, wanda aka ɗauka cikin sabuwar ƙungiyar Joliba a 1964 yana da shekara 14. Makaɗin da a da ladansa goro ne da ƴan kuɗin biki, yanzu ya zama ma'aikacin ƙasa mai yawo da tutarta.

8. Ministan tsaro

Amma Fodeba ya riga ya bar zauren wasa. Bayan ƴancin kai aka ba shi ma'aikatar tsaro. Soja da ƴan sanda suka koma ƙarƙashinsa. Abokinsa Kante Faseli ya rasu a haɗarin jirgin sama a Maroko a 1961.

Mulkin Seku Ture ya yi ta tsanani. Jam'iyya ɗaya ce a ƙasa. Shugaban yana zargin ana ƙulla masa makirci daga ciki da waje. Lalle Faransa ta yi ƙoƙarin raunana gwamnatinsa, amma yawancin waɗanda aka kama ba su yi laifin kome ba sai faɗin ra'ayinsu. A watan Nuwamba 1961 malaman makaranta suka yi kukan halin da suke ciki. Aka ce makirci ne, aka ɗaure shugabanninsu, har da masanin tarihi Jibril Tamsir Niyan, wanda ya rubuta labarin Sunjata. Ɗalibai suka fito zanga-zanga, aka murƙushe su da ƙarfi. Ministan tsaro na lokacin shi ne Fodeba, tsohon malamin lakwal.

A unguwar Kamayen ta Konakiri akwai wani bariki da aka mai da shi gidan kaso na ƴan siyasa. Daga baya aka sa masa suna barikin Boiro. A cikinsa ana azabtar da mutane har su amsa laifin da ba su yi ba. Akwai horon da ake rufe mutum a ɗaki, ba ci ba sha. Fodeba yana cikin waɗanda suka kafa wannan tsari. Mutumin da ya yi kuka saboda sojojin Caroy, ga shi yanzu mutane suna jin tsoron sunansa.

9. Ƙarshensa

Sarkin da ba ya yarda da kowa, wata rana zai juya kan na kusa da shi. A 1965 aka ɗauke Fodeba daga ma'aikatar tsaro, aka mai da shi ministan tattalin arzikin karkara. A watan Nuwamba 1968 soja suka kifar da shugaba Modibo Keita a Mali, maƙwabciyar Gine. Tsoron Seku Ture ya ƙaru. A farkon 1969 aka ba da sanarwar an gano wani makirci cikin soja. Aka kama Kanar Kaman Jabi da hafsoshi da ministoci. A watan Maris aka kama Fodeba, aka rufe shi a barikin nan na Kamayen. Ba a ba shi damar kare kansa a gaban jama'a ba. Ran 27 ga watan Mayu 1969 aka harbe shi. Yana da shekara 48. Ba a ba iyalinsa gawarsa ba. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Wata biyu bayan haka, a watan Yuli 1969, aka yi babban bikin al'adun Afirka a birnin Aljiyas. Makaɗa da masu rawa na Gine suka yi wasa, aka yaba musu ƙwarai. Mutumin da ya share musu hanya kuwa, a ƙasarsa an mai da sunansa na maci amana. Dubban mutane suka mutu a gidajen kason Gine kafin Seku Ture ya rasu a 1984, soja su karɓi mulki, su buɗe ƙofofin barikin Boiro.

10. Abin da ya bari

Gangar ba ta tsaya ba. Laji Kamara ya zauna a Amurka, ya yi shekaru yana koyar da jembe a Niyok, ya rasu a 2004. Bayan 1984 manyan makaɗan Gine da yawa suka fita waje neman abinci. Famudu Konate ya koyar a Jamus da wasu ƙasashe. Mamadi Keita ya zauna a Beljiyam a 1988, ya buɗe makarantar kiɗa a 1991, ɗalibansa suka buɗe rassanta a Turai da Amurka da Japan. Ya rasu a 2021. Baƙi suka riƙa zuwa Gine da Mali da Burkina Faso da rani, suna zama a gaban gwanaye suna koyo. Jembe ta shiga makarantu da ƙungiyoyin kiɗa na ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Sigiri ba.

Wannan yaɗuwa ta zo da amfani, ta zo da hasara. Masassaƙa da makaɗa sun sami abin yi. Amma an sare manyan itatuwa da yawa don sayar wa baƙi ganguna. Ana kuma ƙera jembe ta roba a masana'antu, ana sassaƙa wasu a ƙasar Indonesiya. Mutane da yawa sun iya bugu, amma ba su san sunan kiɗan da suke yi ba, ba su san waƙarsa ba, ba su san ko na noma ne ko na kaciya ba. Shi ya sa tsofaffin gwanaye suka dage, ɗalibi ya fara sanin garin da kiɗa ya fito da dalilin da ya sa ake yinsa.

Mutanen Gine ba su haɗu a kan magana ɗaya game da Fodeba Keita ba. Waɗanda aka ɗaure iyayensu a zamanin da yake minista ba su manta ba. Makaɗa da masu rawa kuma suna tuna shi da cewa shi ne ya fara tsayawa a gaban duniya ya nuna gangar ƙauyensu abar daraja ce. Duka biyun gaskiya ne. Ya ɗaukaka al'adar mutanensa da iliminsa, ya kuma ba da hannu aka zalunci mutanen nan da ikonsa, har zaluncin ya cinye shi.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Fodeba Keita? Wane kogi ne ya haɗa garin da Yamai?
2. Da waɗanne itatuwa ake sassaƙa jembe? Akwai irinsu a yankinku?
3. Ku faɗi muryoyi uku na jembe da yadda ake fitar da kowace.
4. Me ya sa ake fara ba mai koyo kiɗan rakiya kafin ya kaɗa wa masu rawa?
5. Waɗanne abubuwa Fodeba ya sauya da ya kai rawar dandali zauren wasa?
6. Me ya faru da shi a 1969? Yaya karin maganar ramin mugunta ta dace da labarinsa?
7. Ku je wurin wani makaɗi na garinku. Ku tambaye shi sunan gangarsa, da icen da aka yi ta da shi, da wanda ya koya masa, da shekarun da ya yi yana koyo. Ku rubuto amsarsa ku karanta a aji.